Jan Kati da Autarta

Har yau akwai mutane a jami'ar nan da in suka hango Yaya tafe sai su tuna sun yi mantuwa a ofis, su juya da sauri. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ma ni na buga musu takardar kama aiki da hannuna. Cewa suke yi ita ta durƙusar da sashenmu, ita ta cinye wa yara sittin da uku shekara guda da 'yan watanni. To, ni ce sakatariyar sashen. Shekara ashirin da biyu ina zaune a bakin ƙofar shugaba, ba takardar da ke shiga ko fita sai ta bi ta kan teburina. In dai labarin matar nan za a bayar, gara a ji shi daga bakin wadda aka yi komai a gabanta, har da abin kunyar da ni kaina na tafka.

Ba jini ya haɗa mu ba. Ta girme ni da shekara bakwai, ta riga ni zuwa sashen, kuma ranar da na fara aiki ita kaɗai ta nuna mini inda ake samun ruwa in famfo ya ɗauke. Tun ranar na maƙala mata Yaya. Aikinta kula da lab, wato ɗakin da ɗalibanmu ke koyon gwajin jini da fitsari kafin a sake su su bazu asibitoci. Ɗalibai kuwa, da ba sa barin kowa ya zauna ba suna, Jan Kati suke ce mata. A bayan idonta suka fara, har ya zamana in an kira tana amsawa.

Ga asalin sunan. Kowace Litinin, tun kafin masu shara su gama da baranda, Yaya ta buɗe lab ta sa farar rigarta. Akwai ruwan gwaji da take ajiyewa a firji, wanda an riga an san abin da ke cikinsa, a ce sukarinsa ɗari ne cif. Sai ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin ruwansa. Injin da ya ce ɗari, ko kusa da ɗari, ta rataya masa koren kati da zare. A gaban katin sunan inji da kwanan wata. A bayansa kuma lambar da injin ya bayar, sau uku, da sa hannunta. Injin da ya yi ƙarya, ko ya ƙi tashi, ja take rataya masa, kuma daga nan ba mai taɓa shi. Wani farfesa ya taɓa zuwa da kwalaben bincikensa, yana sauri, ya ce ta cire jan ta bar shi ya gwada, ai shi ya san abin da yake yi. Yaya ta tsaya tsakaninsa da injin ta harɗe hannuwa. "Farfesa, da girmanka da komai, amma sai dai ka ɗauke ni tukuna." Ya dube ta sama da ƙasa, mace ce mai jiki masha Allah, ya kwashi kwalabensa ya fita.

Na daɗe ina ganin tsabar taurin kai ne kawai, sai wata rana muna shan shayi da burodi a sito ta ba ni labarin tela. Kafin ta zo jami'a, a wani asibiti ta fara aiki, tana da shekara ashirin da uku. Wani tela ya zo da tef ɗin awo rataye a wuyansa, don daga shago ya taho, yana kukan ƙishirwa da jiri. Ta ɗebi jininsa, inji ya ce sukarinsa lafiya lau, ta rubuta ta sa hannu. Likita ya ba shi maganin zazzaɓi ya sallame shi. Bayan kwana huɗu aka dawo da shi ranga-ranga, bai sake tashi ba. Da aka duba, ashe injin ya fi wata biyu yana rage lamba, ba wanda ya gwada shi. Ba a tuhume ta ba, ko kiranta ba a yi ba.

"Shi ya fi ci mini rai," ta ce. "Da marina suka yi da na ji sauƙi. Har yau in na ga tef a wuyan tela sai in tuna da shi."

Shekaru suka yi ta tafiya, ja yana ta cinye kore. Injina goma sha tara ne a lab, a shekarar da nake ba da labari bakwai kawai suka rage da kore. Babban injin, wanda shi ne uwa uba, mai auna sukari da gishirin jini, ya shekara shida a mace. Yaya ta rubuta takardar neman gyara sau arba'in da ɗaya. Na san adadin don ni na buga su, ni na jera kwafinsu a wani shuɗin fayil. Shugaban sashenmu Dakta ne, amma Ba Matsala muke ce masa. Ba mugun mutum ba ne, in kin yi rashin lafiya har gida zai zo dubiya. Sai dai in kin ce masa rufi na yoyo, zai ce ba matsala, ya matsar da kujerarsa gefe. Haka ɗalibai suka riƙa koyon babban inji a jikin allo, malami ya zana akwati da alli ya ce ga inda ake dannawa.

Cikin ɗaliban nan akwai Auta, 'yar Yaya ta huɗu kuma ta ƙarshe. Mahaifinta ya rasu tana aji biyu a firamare, don haka in an tashi daga makaranta lab take zuwa, ta kwanta a ƙarƙashin teburin uwarta tana aikin gida. Ni na koya mata ɗaure igiyar takalmi. Da ta girma ba wanda ya yi mamaki da ta zaɓi sashenmu, kuma ba wanda ya kama ƙafarta a ajinsu. A shekarar tana ajin ƙarshe, saura wata uku ta gama. Yaya ba ta da gida, ba ta da fili, ba ta da komai da za ta nuna ta ce ga abin da na samu a duniya, sai yarinyar nan da takardar da za ta karɓa.

Sai ga wasiƙa daga hukumar da ke tantance karatu. Duk shekara biyar suke turo tawaga su duba malamai da littattafai da kayan aiki. In sun gamsu, shi ke nan. In ba su gamsu ba, su dakatar da amincewa, kuma duk ɗalibin da ya gama a lokacin ba zai samu lasisin aiki ba sai an gyara sun dawo sun gani. Takardarsa sai dai ya yi fifita da ita. Kowa ya san wannan, tun daga Dakta har masu shara.

Muna da ofishi guda sukutum a jami'ar wai shi ofishin tabbatar da inganci, da darakta da mota da labule mai kauri. Aikinsu fom. Fom ya tambaya ko akwai kwandon shara a kowane aji. Fom ya tambaya ko an rataya manufar jami'a a bango cikin firam. Shekara shida ina cike musu fom, ban taɓa ganin wanda ya tambaya ko inji na tashi ba. Amma da wasiƙar nan ta zo, sai ga Darakta a sashenmu kullum, yana share gumi yana ba da umarni. Aka yi wa baranda fenti har da gindin bishiyoyi. Aka yi hayar furanni a tukwane. Aka aro littattafai mota guda aka jera a laburare, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Aka aro malamai biyar daga wasu wurare, ni na buga sunayensu aka manna a ƙofofi, ɗayansu ma sai da na nuna masa ofishin da aka ce ya shekara uku a ciki.

Ranar Alhamis da la'asar akori-kura ta tsaya a bayan lab, aka sauke injina goma sha biyu da aka aro daga masu ɗakunan gwaji na cikin gari. Aka kwashe matattun aka tura sito aka rufe su da tamfol. A cikin na aron har da babban inji, fari tas, yana sheƙi. Mai shi ya gindaya sharaɗi: kwana huɗu kawai, kuma kada a kunna. Don kada a yi masa wayo, ya riƙe ruwan da injin ke aiki da shi a wurinsa.

Da safiyar Juma'a Dakta ya kira Yaya ofis, Darakta na zaune. Ni aka ce in shigo da biro da takarda, amma ba abin da na rubuta.

"Malama," Dakta ya ce yana murmushi, "ɗan ƙaramin abu ne. Kore za ki rataya wa kowane inji, ki sa hannu. Ba matsala."

"A ba ni ruwan gwaji da awa biyu, Dakta. Duk wanda ya faɗi gaskiya in rataya masa kore."

"Ai babban mai shi ya ce kada a kunna."

"To, ja ne ke nan."

Darakta ya gyara zama. "Malama, ba mu muka fara ba. Ko'ina haka ake yi. Su kansu masu zuwan sun sani, su ma in an je wurinsu aro suke yi. A wuce wannan matakin tukuna, sannan a zauna a gyara."

"Yallaɓai, wancan zuwan ma haka aka ce mini. Na yi shiru aka aro uku. Yanzu sha biyu ne. In na sake yin shiru, zuwa na gaba har ni za a aro."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na danne. Dakta ya daina murmushi. Ya cire tabarau ya ajiye, ya yi ƙasa da murya, kuma wallahi na san abin da zai faɗa tun kafin ya faɗa.

"Malama, Auta fa tana cikinsu."

Ina kallon hannun Yaya. Tana riƙe da makullan lab, ta damƙe su. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ka taɓa inda yake ciwo, Dakta, kuma ka san ka taɓa. To, ka ji. Ba zan kai ƙarar kowa ba. Ba zan tare baƙi a hanya in ba su labari ba. Amma hannuna ba zai hau katin injin da ban auna ba, ko Auta goma ce a ajin."

Kafin azahar an tuna cewa Yaya ta tara hutun da ba ta ci ba, kuma dole ta tafi shi daga ranar. Ni na buga takardar. Ni na karɓi makullan daga hannunta, ban iya duban idonta ba. Ita kuwa sai ta ce mini in riƙa duba firji, ƙofarsa ba ta rufuwa sai an danna da gwiwa.

Ga kuma abin kunyar. Ni na yanka koren kwali goma sha tara, na buga sunan kowane inji da kwanan wata, tsaf, sun ma fi na Yaya kyau. Dakta ya yi wani jagwalgwalo a ƙasan kowanne a matsayin sa hannu. Muka rataya da sabon zare, muka ja da baya muna yaba aikinmu. Abin da na gaya muku na bayan kati, a lokacin ban san da shi ba. Dakta bai sani ba, Darakta bai sani ba. Shekara ashirin da biyu ina wuce katunan nan safe da yamma, ban taɓa sa hannu na juya ko ɗaya ba. Mu mutanen ofis ne, gaban takarda muka sani.

Ranar Asabar da hantsi na tafi gidan Yaya in ba ta baki. Ɗaki biyu ne da 'yar baranda a wani gidan haya. Na tarar da Auta tana goge farar rigarta a kan tebur, idonta ya kumbura. Yaya na zaune a bakin gado tana tsintar shinkafa a faranti. Da ganin yadda kowa ya ba kowa baya, na san na shigo tsakiyar faɗa.

"Anti, ke ki gaya mata," Auta ta ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Mu sittin da uku. Tun jiya ba wanda ya yi mini magana a aji. Wata cewa ta yi uwata ta ci amanarsu. Shekara biyar, Anti! Saura wata uku!"

"Yaya," na ce, "sa hannu ne kawai. Kwana huɗu a kwashe kayan, kowa ya manta."

"Ni ba zan manta ba."

Auta ta dangwarar da dutsen guga. "Umma, kin zaɓi kati a kaina."

"Ba kati na zaɓa ba. Akwai mutumin da zai miƙo miki hannu wata rana ki ɗebi jininsa, ki kai injin da ba ki taɓa kunnawa ba sai a allo. Shi nake ji."

"Ni ban san shi ba! Ke ma ba ki san shi ba! Ni ce 'yarki!"

Yaya ta ajiye farantin ta tashi ta fita baranda, ta hau kwashe shanyar da ko rabin bushewa ba ta yi ba. Ta tagar na ga tana goge fuska da wata jiƙaƙƙiyar riga. Ba zan ɓoye ba, ranar ina bayan Auta ɗari bisa ɗari. Na fito gidan ina jin haushin Yaya kamar in shaƙe ta, ina cewa a raina wace irin uwa ce wannan.

Litinin da ƙarfe tara tawagar ta iso, mutum huɗu. Shugabarsu wata tsohuwar farfesa ce, 'yar firit, da tabarau mai igiya da takalmi shafaffe irin na masu yawan tafiya. Ba ta cika magana ba. Aka zaga da su ajujuwa, aka kai su laburare, malaman aro suka gaisa da su kamar a nan aka haife su. Da aka shiga lab sai na ji gabana ya faɗi don kyau. Kore ko'ina, ɗalibai jere cikin fararen riguna, har turare aka fesa. Dakta sai walƙiya yake yi.

Farfesa ta bi injinan tana gyaɗa kai, har ta zo gaban babban. "Wannan kam mai kyau ne. A ba ni ɗalibin ajin ƙarshe ya nuna mini yadda ake aiki da shi."

An riga an shirya wa wannan. An haddatar da yaran matakan, an ce su nuna da hannu, in an ce su kunna su ce ruwan injin jiya ya ƙare. Dakta ya duba layi ya kira Auta. Lissafinsa daidai ne a ganinsa: ita ta fi kowa ƙoƙari, kuma ita ta fi kowa abin da za ta rasa.

Auta ta fito, ta sa safar hannu, ta tsaya gaban injin. Sai hannunta ya miƙa ya kama katin ya juya shi. Ba da niyyar komai ba, na rantse. Abin da take yi ke nan tun ranar farko a lab, abin da ta ga ana yi tun tana ƙarƙashin tebur. Bayan katin fari fat, ba ko ɗigon biro. Ta tsaya riƙe da shi.

"Me kike nema a baya, 'yata?" Farfesa ta tambaya.

Na ga Auta ta ɗaga kai ta dubi 'yan ajinsu, mutum sittin da biyu duk idonsu a kanta. Da ta ce ba komai, da an wuce wurin, ba wanda zai ƙara tambaya. Ta juyo ta dubi Farfesa.

"Lamba, Farfesa. Ana auna inji sau uku a rubuta abin da ya bayar a nan, a sa hannu."

"To, ina lambar?"

"Babu. Ba a auna shi ba. Kuma an koya mana kada mu taɓa injin da bayan katinsa ba komai."

"Kin taɓa aiki da wannan injin?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ban taɓa ganinsa ba sai ranar Juma'a."

Tsohuwar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta koma farkon layi, ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya tana juyawa, goma sha tara, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ban taɓa sanin minti uku na da tsawo haka ba. Da ta gama ta dubi Auta. "Wa ya koya miki wannan?"

"Ummata."

"Tana ina?"

"Tana hutu," Dakta ya ce. Na jira in ji ba matsala, ranar ba ta fito ba.

Farfesa ta tambaya ko sashen ya taɓa rubuta neman gyaran kayan aiki. Dakta ya ce sai an bincika. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya ce akwai ba. Na je na ɗauko shuɗin fayil na miƙa mata da hannu biyu, takarda arba'in da ɗaya. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yaba mini. Kunya ce ta ishe ni, ganin yarinyar da na koya wa ɗaure takalmi ta fi ni zuciya.

Bayan sati uku sakamako ya zo: an dakatar da amincewa. Ba zan ce ba a ji jiki ba, don an ji. Wani yaro ya rasa aikin da aka riga aka yi masa alkawari. Wata mahaifinta ya zo har ofis yana kuka da hawaye. An rubuta zagi da gawayi a bangon gidan su Yaya, ita ta ɗebo ruwa ta wanke da kanta da safe, tana gaisawa da masu wucewa. Auta ta yi wata guda ba ta fita ba. Da na je gidan, na ji ta ce wa uwarta, "Kada ki ɗauka don ke na yi, Umma. Hannuna ne ya juya katin." Yaya ta ce, "Na sani," ta ci gaba da yankan albasa.

Abin da ke ƙona mini rai har yanzu shi ne inda aka ɗora laifin. Wanda ya bar inji ya shekara shida a mace ba a ce masa komai ba. Wanda ya aro ba a ce masa komai ba, Dakta ma kujera aka ba shi a wani kwamitin inganci na jami'a gaba ɗaya. Yaya ce da ta dawo hutu ta tarar da takardar canjin wurin aiki, aka tura ta garejin motocin jami'a ta riƙa kula da sito. Sun ɗauka sun kai ta inda za ta yi laushi. Sati ɗaya da zuwanta aka ga jan kati rataye a madubin motocin ɗalibai guda biyu, wai birkinsu ba ya ci. Direbobi suka yi ta tsalle, ita ko a jikinta, sai da aka gyara.

Jami'ar da ta shekara shida ba ta da halin gyara inji ɗaya, cikin wata bakwai ta sayo sababbi goma sha ɗaya. Aka kira yaran sittin da uku suka dawo suka yi aikin hannu da injina masu tashi. Tawagar ta dawo, ta gani, ta amince. Auta ta karɓi lasisinta wata goma sha huɗu bayan lokacin da ya kamata, yanzu tana aiki a wani asibiti. Yaya kuwa ba a mayar da ita lab ba, kuma ba ta roƙa ba. Wasu daga cikin yaran sun zo sun ba ta haƙuri, wasu har gobe ba sa gaishe ta. In an gaya mata sai ta ce gaisuwa ba dole ba ce, su dai su riƙa auna inji.

Amma ranar da nake yawan tunawa ita ce ranar da aka kafa sabon babban injin. Ina garejin, na kai wa Yaya wata takarda, tana zaune a ƙofar sito tsakanin tayoyi da jarkokin mai. Sai ga Auta tafe da farar rigarta, tun daga lab a ƙasa, cikin rana. Ta zaro koren kati daga aljihu ta miƙa wa uwarta.

Yaya ba ta ko dubi gaban ba, ta juya shi. Ta nisantar da shi daga fuskarta, ta matso da shi. "Lamba biyu nake gani. Uku ake yi."

"Sa tabarau, Umma."

Ta laluba jaka ta sa. Ɗari da ɗaya, casa'in da tara, ɗari. A ƙasa sa hannun Auta. Ta daɗe tana kallon katin, fiye da yadda lamba uku ke bukata, har wani direba da ya zo karɓar taya ya gaji da tsayuwa ya koma.

"Rubutun nan naki har yanzu kamar kaza ta yi tonon ƙasa," ta ce. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta miƙa mata katin. "Maza ki koma ki rataya, kada wani ya shigo ya tarar da inji ba kati."